Yadda Na Cike Rijiyar Ƙanin Maigidana

Ni ce matar da ta cike rijiya. Mutane haƙawa suke yi a sa musu albarka, ni cikewa na yi, kuma har yau idan baƙo ya shigo Dabawa yana neman gidana, da wannan ake yi masa kwatance. Na ji ana ba da labarin iri-iri. Wasu sun ce ruɗin tsufa ne, wasu sun ce wani abu na gani a cikin ramin. To ga yadda aka yi, daga bakin wadda ta zuba ƙwaryar ƙasa ta farko.

Ɗakina na ƙasa ne. Maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ya kwaɓa ƙasar da ƙafarsa, shi ya mulmula tubalin, shi ya jera azara. A ciki na haifi 'ya'ya bakwai, uku suka koma, huɗu suka tsaya. Ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, malamin makaranta ne a Dutsin-Ma. Ya gina gidan siminti, ya keɓe mini ɗaki mai fanka, da daɓe mai santsin da in ka taka sai ka yi salati. Tun rasuwar mahaifinsa yake bina in koma can. Da ya dame ni, na yanke masa magana guda. Na ce muddin ɗakin nan yana tsaye a cikinsa zan kwana, ranar da ya faɗi kuwa ka zo da mota, ba zan yi gardama ba. Ya ce ya ji. A gaban ɗiyata ta tsakiya aka yi, wadda ke zaune da ni tun da aurenta ya mutu, don haka maganar ba ta janyuwa.

Kafin maigidana ya kwanta ciwon ajali, ya ɗauko wani dutse ya ajiye taku uku daga bangon ɗakina. Ya ce in Allah ya ara masa kwana, nan zai gina rijiya, in huta da bin layin famfo. Allah bai ara masa ba. Dutsen ya zauna nan shekara biyu, kaji na hawa, ni ina zagaye shi da tsintsiya.

Ana nan, ana nan, sanyi ya wuce, zafi bai kankama ba, sai ga ƙanin maigidana daga Tamawa ta ƙasar Kurfi. Ɗan ƙanin ubansa ne, maginin rijiya tun yana saurayi, yanzu gemu ya yi fari fat. Yana saɓe da diga, bayansa wani dattijo abokin aikinsa ɗauke da naɗin igiya. Shi wannan dattijon aikinsa jan guga daga sama, kuma a wata ukun da ya yi a gidana maganar da na ji daga bakinsa ba ta cika tafin hannu ba.

Kowa ya san tsakanin mace da ƙanin mijinta wasa ne. Ni da wannan mutum tun ina amarya muke yi. Shekara arba'in da ɗoriya ban taɓa gaya masa magana ta hankali ba, shi ma bai taɓa gaya mini ba. Yana shigowa zaure ya ɗaga murya.

"Amarya, an ce har yanzu ba ki sami wanda ya fi ni ba."

Na ce, "Na samu. Jakin maƙwabta ya fi ka haƙora."

"To ki auri jakin, ni in zo cin tuwon biki."

Bayan ya sha fura ya goge gemu, ya nuna dutsen da sandarsa. Ya ce yayansa ya taɓa yi masa zancen, kuma abin ya tsaya masa a rai. Don Allah zai yi, ladan ya riski mamaci a kabari. Tuwo kawai zan riƙa ba su, wanda dama ya san ba daɗi.

Wa zai ce a'a? Na yi kuka ma, a ɓoye, bayan rumbu. Amma da na share ido na dubi dutsen, na dubi bangon. Na san tsakar gidana kamar yadda na san tafin hannuna. Ƙasar sama yashi ce, in aka yi ruwa daga gabas yake gangarowa ya bi ta gindin ɗakina ya fita ta kwata. Rami buɗe a wurin nan, ba a ɗaure shi da siminti ba, ruwan farko zai cinye gefensa, gefen ya ja gindin bango, bango ya bi.

Na ce, "Ka ji sharaɗina. Ranar da shamuwa ta sauka a kan kukar bayan gida, aiki ya ƙare. In ka taras da ruwa, a ɗaure rijiya. In ba ka taras ba, a mayar da ƙasa inda aka ɗebo ta."

Shamuwa ita ce tsuntsuwar da ke riga damina isowa. In ka gan ta, ka gyara kwata.

Ya yi dariya har da buga cinya. "Shamuwa? Kafin ta baro inda take kin fara wanka da ruwan rijiyar nan, ko Allah zai sa ki yi haske."

Na juya wurin mai igiya na ce, "Malam, kai ne shaida." Ya gyaɗa kai.

Aiki ya fara da kyau. Yashi ya fita, jar ƙasa ta fita, marmara ta fita. Kullum tsibin ƙasa na ƙara tsawo a gefen ramin, kullum muryarsa na ƙara nisa. Yana haƙa yana zagin miyata, ni ina tsaye a sama ina ce masa ya ci gaba, dama can ƙasa ne mazaunin irinsa. Da zurfin ramin ya kai gaba biyar, wata safiya, sai ƙarar diga ta sauya. Da tana cewa dib, yanzu ta koma ƙal. Ban taɓa haƙa rijiya ba, amma na san ƙarar ƙarfe a kan dutse.

Ya fito da yamma ya ce ɗan falalen dutse ne, kaurinsa bai wuce faifai ba, ruwa na kwance a ƙarƙashinsa yana jiransa.

Maginan rijiya suna da dabarar dutse. Sukan tara itace da tsofaffin tayoyi a ƙasan ramin su cinna wuta, ta yini tana ci. In ta mutu a kwara ruwa, dutsen ya tsage, a shiga da kurfi, wato ƙarfen sassaƙa dutse, da guduma a ɓamɓare abin da ya ɓamɓaru. Don haka ƙanin maigidana ya je ya samo wani mai amalanken shanu daga wajen Ɗantutture, ya gaya masa rijiyar sadaka ce. Mutumin ya ce shi ma yana son rabonsa na lada, duk mako zai kawo itace da taya. Shi kuma mai amalanken ya gaya wa wani mai facin taya a Kurfi, ya ce ya riƙa tara masa waɗanda suka mutu. Ni duk ban san an yi wannan ƙulli ba sai daga baya.

Haka muka shiga zaman hayaƙi. Baƙin hayaƙi ya riƙa fitowa daga tsakar gidana kamar ana toya aljani. Kajina suka yi ƙaura. Wankin ɗiyata ya daina fari. Ruwan da ake kwarawa a ramin kuwa daga famfo ake ɗebo shi, wato layin da aka ce za a hutar da ni daga bi, yanzu sau biyu muke binsa, ɗaya don mu, ɗaya don rijiya. Ban taɓa jin rijiyar da ake shayarwa ba sai tawa.

Kullum in ya fito zai miƙo mini tsakuwa a tafin hannu.

"Shinshina, amarya. Danshi."

"Zufarka ce."

"Hancinki ya tsufa. Gobe in Allah ya so."

Gobe ta yi, ta koma jiya, wata goben ta zo. Kwanci tashi har wata biyu, dutsen mai kaurin faifai bai ƙare ba.

Wata safiya ina shara na ga zare a jikin bangon ɗakina, ɓangaren da ke kallon ramin. Na kai hannu in cire, ashe tsaga ce. Siririya, daga gindi ta taso har gwiwata. Na ɗauko gawayi na yi alama a inda ta tsaya. Bayan kwana uku ta wuce alamar. Na sake yi, ta sake wucewa. Ban gaya wa kowa ba sai ɗiyata.

Ranar wata Lahadi da hantsi na fito da buta, na ɗaga kai, ga ta nan a kan kuka. Baƙa, cikinta fari, tsaye da ƙafa ɗaya, tana duban gidana kamar an aiko ta. Kafin azahar sun zama huɗu.

Na ajiye buta, na gyara lulluɓi, na je bakin ramin na durƙusa.

"Kai na ƙasa."

"Na'am, amarya. Kewata kike yi?"

"Shamuwa ta sauka."

"A ina?"

"A kan kuka."

"Ni daga nan ba na ganin kuka. Sama nake gani kamar faifai, ba ko ƙuda a cikinta."

"To fito ka gani."

"In fito in bar ruwa yana motsi a ƙarƙashin ƙafata? Wataƙila ma ungulu ce kika gani, ta zo duba ko kin nuna."

Na juya ga mai igiya na ce, "Malam, kai da ke sama, me ke kan kukar can?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ni igiya nake kallo."

Na sake leƙawa na ce, "Ka ji ni da kyau. Ba wasa nake yi ba."

Dariyarsa ta taso daga ramin tana karo da bango. A nan na gane inda na kwana. Shekara arba'in, duk sa'ad da na ce zan zuba masa barkono a fura, da wannan kalmar nake rufewa: ba wasa nake yi ba. Duk sa'ad da na ce zan kai shi gaban alƙali saboda ya cinye mini ƙuli-ƙuli, haka nake cewa. Na riga na cinye kalmar tun ina da haƙora. Yanzu da nake bukatarta, ba komai a cikinta. Na yi fushi, ya ce na iya kwaikwayo. Na nuna masa tsagar da yamma, ya ce ai ɗakin ne ke murmushi don ya ga ango.

Da na ga bakina ba ya isa, na jira ɗana ya zo ranar Asabar a kan babur. Na kai shi bayan ɗaki, na nuna masa alamomin gawayi, sun kai bakwai, hawa-hawa.

Na ce, "Ka je ka gaya wa babanka ƙarami ya tsaya."

Ya sosa ƙeya. "Inna, ni in ce wa Baba ya tsaya? Aikin da yake yi don mahaifina?"

"Kai ne namijin gidan."

"Ke ce babba, Inna."

"Ni ba ya jin maganata."

Ya tafi. Na hango shi durƙushe a bakin ramin, hula a hannu, sun daɗe suna magana. Da ya dawo fuskarsa a sake. Ya ce Baba ya ce saura kamu ɗaya, a ƙara masa mako guda, kuma shi ya yi alkawarin aiko da tayoyi biyu daga gari. Sannan ya dubi tsagar, ya ce da murya mai laushi, "Ko ma mene ne ya faru, Inna, ai kina da wurin zuwa."

Ban ce ɗana yana fatan ɗakina ya faɗi ba. Ɗa ne mai albarka. Amma na lura bai yi baƙin ciki da yawa ba.

Mako ya cika, na aika aka roƙo liman. Na yi masa bayani ta bayan labule, tiryan-tiryan, har da shamuwa. Ya ce ya fahimta. Ya je ya leƙa ramin, maginin ya fito suka gaisa, ya ba shi tsakuwa ya shinshina. Can sai na ji an ɗaga murya ana addu'a, maza na amsawa da amin. Na kasa kunne. Liman roƙon Allah yake ya kawo ruwa da gaggawa, mai yawa, mai albarka. Bai fayyace ta sama ko ta ƙasa ba. Ni ma na shafa, don ba a ƙin shafa addu'a.

Ɗiyata ta ce, "Inna, mu daina ba su tuwo mana. Yunwa za ta fito da shi."

Na ce ba a gidana ba. Ƙanin ubanta, baƙo, mai aikin Allah, a ce na hana shi abinci? Gara ɗakin ya faɗo mini a ka. Ranar ma har man shanu na ƙara musu, saboda kunyar an yi tunanin a gabana.

Kwana biyu bayan haka, da la'asar, gabas ta haɗe. Iska ta taso mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, an yi ruwa a wani wuri ba nisa. Hadarin ya yi ta gurnani sannan ya baje, bai zubo ba. Na tsaya a ƙofar ɗaki na dubi tsibin ƙasar da aka fitar. Ya tare hanyar kwata gaba ɗaya. Duk ruwan da zai sauka a gidan nan ba shi da mafita sai ramin, ramin kuma taku uku ne daga inda nake ajiye kaina.

Washegari kasuwar Dutsin-Ma ke ci. Da sassafe maginin ya fito da diga da kurfi a kafaɗa, ya ce zai kai wa maƙeri ya koɗa su, bakinsu ya mutu. Mai igiya ya bi shi.

"Amarya, me zan sayo miki? Jan baki?"

Na ce, "Ka sayo wa kanka hankali, in ana aunawa."

Su ne kalmomin wasa na ƙarshe da muka yi.

Suna ɓacewa na tura ɗiyata gida-gida. Maza duk sun tafi kasuwa ko sun tafi sharar gona. Kafin rana ta ɗaga mata goma sha sun cika tsakar gida, da fartanya, da kwando, da tsofaffin tasoshi. Da na gaya musu abin da za a yi, wata ta ce ita tana tsoro, cike rijiyar sadaka ba ƙaramin abu ba ne. Maƙwabciyata, wadda ta girme ni, ta dogara sanda ta je ta leƙa, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Wa ya taɓa shan ruwanta?"

Aka ce babu.

Ta ce, "To rami ne. Ku kawo kwanduna."

Na ce a dakata tukuna. Da idona na ga fitarsa, amma duk da haka na durƙusa na yi kira sau uku, ko akwai mai rai a ciki. Muryata ce kawai ta dawo. Sannan na sa aka kawo ƙugiyar da ake ciro guga in ta faɗa rijiya, muka zura. Muka ciro hularsa ta aiki, da ƙoƙon shan ruwansa, da wata ƙaramar guduma. Na karkaɗe su na jera a kan tabarma. Ba zan binne wa mutum kayan sana'a ba.

Na cika ƙwarya da ƙasa, na yi bisimilla, na juye. Ta daɗe kafin in ji saukarta.

Daga nan hannu ya yi yawa. Masu fartanya na turawa, masu kwando na juyewa. Ɓaraguzan dutse suka fara komawa, marmara ta bi, jar ƙasa ta bi, kowa ya koma gidansa yadda ya fito. Can wata ta ɗauko waƙar daɓe, saura suka amsa. Da ramin ya kusa cika muka riƙa yayyafa ruwa muna kirɓawa da taɓare, kamar masu daɓen ɗakin amarya. Aikin wata uku, tsakanin hantsi da la'asar ya koma fili. Muka buɗe hanyar kwata. Na dama musu fura, kowa ta kama gabanta da sauri, ba wadda ta so ya dawo ya same ta.

Na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki na zauna. Ɗiyata ta ce in shiga ciki ita ta tare shi. Na ce ni na yi, ni zan zauna.

Rana ta yi ja ya yi sallama. Bakin digarsa na walƙiya, an koɗa ta da kyau. Ya shigo yana cewa, "Amarya, ki fito ki ga abin da zai fasa..." Sai ya tsaya.

Ya dubi wurin. Ya dubi inda tsibin ƙasa yake da safe. Ya taka a hankali har tsakiyar daɓen, ya tsaya a kai, ya dubi ƙafafunsa. Mai igiya na bayansa, shi ma yau ya sami abin kallo ban da igiya.

Na ce, "Na gaya maka ranar da shamuwa ta sauka. Na gaya maka a bakin rami. Na aiko ɗanka, na aiko liman."

Ya sunkuya ya ɗauki hularsa da ƙoƙonsa da gudumarsa daga kan tabarma, ɗaya bayan ɗaya.

Sannan ya ce, "Sannu da aiki, Hajiya."

Ni ko filin jirgi ban taɓa gani ba. Tun ina amarya bai taɓa kirana da sunan girma ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na ce, "Ga tuwo can an kwashe."

"Alhamdu lillahi, mun ci a kasuwa."

Suka naɗe igiya suka fita. Ko kwana ba su yi ba, suka nemi abin hawa zuwa Kurfi.

Na ɗauka magana ta ƙare. Bayan kwana biyu na ji kukan amalanke a ƙofar gida. Mai shanu ne, da itace, da tayoyi shida. Ɗiyata ta fita ta ce masa an daina, rijiya ma babu ita. Ya ce shi ba ruwansa, wanda ya ce ya fara bai ce ya bari ba, kuma ba zai yi asarar ladansa a kan maganar mata ba. Ya sauke ya tafi. Ɗana ma ya cika alkawari, tayoyinsa biyu suka iso a bayan babur ɗin wani. Mako na zagayowa mai shanu ya sake dawowa, ya ce mai facin Kurfi ya tara da yawa, ba shi da wurin ajiyewa. Na tsayar da mai haƙa, amma waɗanda ya tayar suna nan suna aiki, ba wanda ya san hanyar tsayar da su sai shi, shi kuma ba ya magana da ni. Tayoyi suka yi tsibi a zaure har baƙi na tambaya ko mun buɗe sana'a.

Ɗana da ya zo ya ga fili, ya riƙe baki. Ya ce, "Inna, me mutane za su ce?"

Na ce, "Sun riga sun fara, ka je ka saurara."

Ruwan ya zo ranar wata Talata bayan azahar. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta kwashe faifan da ke kan randa, kaji suka shige ƙarƙashin rumbu. Ɗiyata ta kama hannuna ta ce mu koma nata ɗakin. Na ce ta tafi. Na shiga nawa, na bar ƙofa a buɗe, na zauna a bakin gado da carbi, inda zan iya ganin daɓen.

Ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Tsakar gida ta zama kogi, ruwa ja yana gangarowa daga gabas yadda ya saba. Na ga ya bi kan daɓen ya wuce kwata. Can na ga tsakiyar daɓen ta fara lotsawa, a hankali, kamar mai numfashi. Ta yi ƙasa, ta ƙara yin ƙasa, ruwa ya taru yana juyawa a wurin. Wani ɓamɓaroki ya faɗo daga jikin bango ta ciki, ya fashe kusa da ƙafata. Na ji ƙasa na zuba a bayan gado. Ban tashi ba.

Kafin magariba ya ɗauke. Na fito na zagaya. Daɓen ya nutse har gwiwa, cike da ruwa. Tsagar ta kai kafaɗata, yatsa na shiga. Bangon yana tsaye. A unguwarmu katanga uku suka kwanta a wannan ruwan.

Kwana uku bayan haka sai ga ƙanin maigidana, shi kaɗai, ba diga. Ya ji labarin an yi ɓarna a Dabawa. Ya gaishe ni a tsaye kamar baƙo. Ya zagaya ɗakin, ya sa yatsa a tsagar, ya buga bangon da tafin hannu yana saurare, ya je ya tattaka inda ya lotsa.

Ya ce, "Ko an bar ni, bangon nan ba zai faɗi ba."

Na ce, "Mai yiwuwa."

"Kuma kamu ɗaya ya rage."

"Mai yiwuwa."

Ya naɗe hannun riga, ya kwaɓa ƙasa da ƙaiƙayi, ya cushe tsagar ciki da waje, ya shafe ta sumul. Yana cikin wanke hannu amalanke ya iso. Ya leƙa zaure ya ce wa mai shanu, "An gama." Mutumin ya juya shanunsa da kayansu, bai sake dawowa ba.

Wannan karon ya ci tuwo. Bai ce da daɗi ba, bai ce ba daɗi ba. Ya ce, "Allah ya saka da alheri, Hajiya," ya tafi. Yana zuwa gaisuwar salla duk shekara, da goronsa, kuma da wannan sunan yake kirana har yau.

Ko akwai ruwa a ƙarƙashin dutsen nan, ban sani ba. Ko ɗakin zai tsaya da na bar ramin a buɗe, shi ma ban sani ba, kuma ba wanda zai sani. Damina huɗu ke nan a cikinsa nake kwana. Duk shekara in ruwa ya sauka wurin yakan ɗan lotsa, ni kuma in ɗebo ƙasa daga bayan gida in ƙara, in kirɓa. Bana kwando uku ya ci.